Tuwo Bai Sauya Ba, Don Me Karatunsa Ke Sauyawa?

Takardar da za mu amsa a wannan mako ta fito ne daga wani dattijo, manomi kuma mai saye da sayar da hatsi, daga wani ƙauye a ƙasar Bakori cikin Jihar Katsina. Ya roƙe mu kada mu ambaci sunansa, mun kuwa amince.

Alhaji ya ce babbar 'yarsa ta gama digiri a fannin ilimin abinci mai gina jiki, yanzu kuma ƙanwarta ta sami shiga wannan sashe. Ya ɗauka littattafai da takardun yayar za su ishe ta. Sai ga yarinya ta dawo hutu tana cewa an sauya manhaja, watau jerin darussan da dole ɗalibi ya ci kafin a ba shi digiri. An cire waɗansu, an ƙara waɗansu, har da kwamfuta da ƙididdiga da fita koyon aiki a asibiti da ƙauyuka. Ya ce sai da ya sayar da buhu huɗu na masara kafin ya haɗa mata kuɗin komawa. Tambayarsa ita ce: tuwon da kakansa ya ci shi ne yake ci har yau, to mene ne ya sauya a cikin abinci da har za a sauya karatunsa? Anya ba dabarar karɓar kuɗin talaka ba ce? In haka ne, in ji shi, gara ya maido da 'yarsa gida.

To Alhaji, mun gode da wannan tambaya, matambayi dai ba ya ɓata. Gaskiyarka, tuwo bai sauya ba. Abin da ke sauyawa shi ne sanin da ɗan Adam ya yi wa tuwon, da abin da yake yi a jikin mai cinsa. Kuma tarihi ya nuna duk lokacin da aka daɗe ana koyar da kuskure a wannan fanni, ba takarda ce ke ɓaci ba, rayuka ne ke salwanta, galibi na ƙananan yara. Bari mu bi labarin daki-daki, kai da sauran masu karatu ku yi hukunci da kanku.

Shekaru ɗari da hamsin da suka wuce, abin da masana Turai ke koya wa ɗalibansu shi ne, jiki na bukatar abinci mai ba da ƙarfi, da mai maiƙo, da mai gina tsoka wanda ake kira furotin, da ɗan gishiri-gishiri, shi ke nan. Alhali kuwa tun cikin 1747 wani likitan jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna James Lind ya gwada wani abu. A wancan zamani akwai ciwon da ke kashe matuƙan jirgi in sun daɗe a teku: dasashi ya kumbura yana zubar da jini, haƙora su zube, jiki ya mutu. Lind ya ɗauki marasa lafiya 12, ya kasa su biyu-biyu, ya ba kowane kashi magani dabam. Biyun da aka ba lemon zaƙi da lemon tsami su ne suka farfaɗo cikin 'yan kwanaki. Amma sai cikin 1795, watau bayan shekara 48, rundunar ruwan Ingila ta soma raba wa sojojinta ruwan lemo. Ka ƙiyasta mutanen da aka jefa gawarsu a teku a tsakanin nan.

Haka kuma wajen ƙarshen ƙarni na 19, wani likita ɗan ƙasar Holan, Christiaan Eijkman, yana aiki a tsibirin Jaba na ƙasar Indunusiya, ya lura kajin da ake ba farar shinkafa wadda aka surfe tas suna shanyewar ƙafa, irin ciwon da ke kama mutanen wurin. Da aka mayar da su kan shinkafa mai dusa sai suka miƙe. Ashe akwai wani abu ɗan kaɗan a cikin dusar wanda jiki ba ya rayuwa sai da shi. Cikin 1912 wani masani mai suna Casimir Funk ya raɗa wa irin waɗannan abubuwa sunan da muke faɗi yau, bitamin. Daga nan ya zama dole a buɗe sabon babi a littattafan ɗalibai. Ka ga Alhaji, shinkafa ba ta sauya ba, amma karatunta ya sauya.

Yanzu mu matso kusa da gida. Cikin 1929 aka turo wata likita, Cicely Williams, haifaffiyar Jamaika, aiki a Gwalkwas, watau Ghana ta yau. A asibitin yara na birnin Akra ta riƙa ganin ana kawo mata yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu, ƙafafu da fuska a kumbure, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata na saɓulewa, yaro ba ya wasa ba ya son abinci. Ta yi abin da likitoci da yawa na lokacin ba su yi ba, ta tambayi matan wurin sunan ciwon. Suka ce kwashiyoko, wanda a harshen Ga ke nufin ciwon da ke kama yaro idan aka yi masa ƙane aka ture shi daga nono. Mu ma ai mun san wannan, shi ne mukan ce yaro ya sha ciki, ko uwarsa ta yi kwanika. Likitar ta gano yaran nan an yaye su ne aka bar su da kokon masara zalla. Ta rubuta bayani cikin 1933, ta sake rubutawa cikin 1935 da wannan suna na Ga. Waɗansu manyan likitoci a Landan suka ce ta yi kuskure, wani tsohon ciwo ne da suka riga suka sani. Daga baya duniya ta yarda ita ce mai gaskiya.

To amma a nan ne aka yi wani tuntuɓe babba. Da aka ga madara na warkar da yaran, sai masana suka yanke cewa babbar matsalar ƙasashe matalauta ita ce ƙarancin furotin. Cikin shekarun 1950 da 1960 kusan duk wanda ya karanta ilimin abinci, a Turai ne ko a Afirka, wannan aka cusa masa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kwamiti na musamman kan furotin cikin 1955, cikin 1968 kuma ta fitar da rahoto mai gargaɗin cewa duniya na dab da faɗawa bala'in rashin furotin. Aka kashe kuɗi masu yawa wajen ƙirƙiro garin kifi da garin 'ya'yan auduga da makamantansu, aka riƙa jigilar garin madara zuwa ƙasashenmu.

Cikin 1974, daidai lokacin da ƙasashenmu na Sahel ke fama da raɗaɗin farin nan da dattawa irinka ba za su manta ba, wani likita mai koyarwa a birnin Bairut, Donald McLaren, ya rubuta a wata fitacciyar mujallar likitoci ta Ingila cewa an yi shekaru ana bin hanyar da ba ta ɓullewa. Ya nuna yawancin yaran da ke fama da tamowa ba furotin kaɗai suka rasa ba, abincin ne gaba ɗaya bai ishe su ba, ga kuma gudawa da ƙyanda da sauran cututtuka na tsotse su. Har ila yau an gano masana sun yi wa adadin furotin da yaro ke bukata ƙiyasi mai yawa fiye da kima, aka yi ta rage shi. Ba wai ana nufin wake da ƙwai da nono da kifi ba su da amfani ba ne, a'a, suna da shi ƙwarai. Abin nufi shi ne yaro na bukatar ya ƙoshi, ya ci sau da yawa a yini, abincin ya zama gauraye, a kuma tsare shi daga cuta. Wanda ya fita daga makaranta cikin 1965 da wanda ya fita cikin 1980 takardar shaidarsu iri ɗaya ce, amma in suka shiga ƙauye ɗaya shawarar da za su ba uwa ta bambanta.

Sai batun nonon uwa. Ita dai wannan likita Cicely Williams, bayan an mayar da ita ƙasar Singafo, ta yi wata lacca cikin 1939 inda ta kira tallar madarar gwangwani ga jarirai da sunan kisan kai, saboda yadda ta ga jarirai na mutuwa in an raba su da nono an koma dama masu madara da ruwa marar tsabta. Sai cikin 1981 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙa'idojin hana irin wannan talla, ƙasashe 118 suka goyi baya, Amurka kaɗai ta ƙi. Cikin 2001 kuma hukumar ta tsayar da shawara cewa a shayar da jariri nono zalla har wata shida, ko ruwa kada a ba shi. Kafin nan abin da ake koyarwa shi ne wata huɗu zuwa shida.

A nan zan faɗi laifin kaina. Lokacin da nake kwalejin horon malamai, takardar darasin kiwon lafiya da aka ba mu ta ce a soma ba jariri kunu yana wata huɗu. Na haddace, na ci jarrabawa, na fita na koyar da shi haka nan a ajin yaƙi da jahilci na mata har shekara biyu, alhali an riga an gyara maganar, labari ne bai iso gare mu ba. Wata ma'aikaciyar asibiti ce ta ji ni ta kira ni gefe ta yi mini gyara. Har yau in na tuna sai in ji nauyi, don ban san jarirai nawa aka ɗura wa kunu da ruwan rijiya saboda maganata ba. Da an sabunta wannan takarda a kan lokaci, da ban yi wannan kuskure ba. Haka nan dakashi, watau nonon farko mai kauri da ake matsewa a zubar a wurare da yawa, yanzu kowane ɗalibi ya san shi ne rigakafin farko na jariri.

Akwai kuma abin da masana ke kira ɓoyayyiyar yunwa, watau ciki ya cika amma jiki na rashin waɗansu sinadarai 'yan kaɗan. Da can ana ɗaukar rashin bitamin A a matsayin matsalar ido kawai, mai kawo dundumi da makanta. Wani likitan ido ɗan Amurka, Alfred Sommer, ya yi bincike a Indunusiya wanda aka buga cikin 1986, ya nuna ba yara ƙwayar bitamin A sau biyu a shekara ya rage mutuwarsu da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Asalin ɗigon nan ke nan da ake matsa wa yara a baki lokacin rigakafi. Cikin 2002 Nijeriya ta wajabta sa bitamin A cikin fulawa da sukari da man girki na kamfani, shi ya sa 'yan kasuwa ke ganin hoton ido a jikin buhu ko galan. Shi ma maƙoƙo, da ake dangantawa da abubuwa iri-iri, rashin sinadarin aidin ke kawo shi, kuma rashin aidin ga mai ciki na dakushe ƙwaƙwalwar abin da za ta haifa. Tun 1993 aka wajabta sa aidin cikin gishirin ci a Nijeriya. Masu sayar da gishiri, ku lura: in aka bar shi a buɗe cikin rana da raɓa, aidin ɗin na raguwa.

Gyara mafi girma a zamaninmu kuwa, a ƙasar Hausa aka tabbatar da shi. Da, ƙa'idar ita ce duk yaron da tamowa ta yi wa tsanani sai an kwantar da shi a asibiti na makonni. Kowa ya san abin da wannan ke nufi ga matar ƙauye: ta bar sauran 'ya'ya, ta bar gona da damina, ga kuɗin mota. Da yawa ba sa zuwa, waɗanda suka je ma sukan gudu kafin yaro ya warke. Cikin 1996 wani likita Bafaranshe, André Briend, tare da wani mai masana'antar abinci, suka haɗa ƙullin gyaɗa da garin madara da sukari da mai da bitamin cikin 'yar leda. Da yake babu ruwa a ciki ba ya saurin lalacewa, ba a dafawa, ba a damawa, yaro zai tsotsa da kansa a gida. An gwada shi a Habasha da Malawi. Amma a yunwar 2005 a Jamhuriyar Nijar ne aka ga aikinsa a fili, inda ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000, akasarinsu a jihar Maraɗi, kuma mafi yawansu a gidajen iyayensu suka warke. Cikin 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da wannan hanya, Nijeriya kuma ta soma ta cikin 2009 a jihohin Gombe da Kebbi. Yanzu da ɗan madauri mai launi uku ake auna damtsen yaro, in awon ya gaza santimita 11 da rabi ya faɗa ja, a soma jinya nan take. Wanda ya gama karatu kafin wannan lokaci bai taɓa jin wannan a aji ba.

Daɗin daɗawa, ciwace-ciwacen da ke damunmu su ma sun ƙaru. Da hankalin malamai na kan rama da kumburi ne. Yau a gida guda za ka tarar da jika mai tamowa da kaka mai ciwon sukari ko hawan jini, ga lemon kwalba da taliyar leda da ɗanɗanon girki sun shiga har lungun ƙauye. Dole ɗalibi ya koyi yadda zai tsara wa mai ciwon sukari ko ciwon ƙoda abinci daga abin da ke kasuwar garinsu, shi ya sa ake tura su asibiti. Ga kuma batun tsabtar amfanin gona, wanda ya shafe ka kai tsaye. Cikin 1960 talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Binciken wannan ne ya tono gubar da funfuna ke haifarwa a jikin gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba kafin a zuba a rumbu, gubar da ke lalata hanta. Sannan ga sababbin iri da aka inganta, kamar rogo mai bitamin A da aka fitar a Nijeriya cikin 2011, da masara mai ruwan lemo cikin 2012. Ƙididdiga da kwamfuta kuwa, da su ake gane ƙauyen da tamowa ta fi yawa kafin abin ya zama annoba.

To wa ke da ikon sauya manhajar? A Nijeriya akwai Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NUC, an kafa ta cikin 1962. Ita ke tsara mafi ƙarancin abin da dole kowace jami'a ta koyar a kowane fanni. Ta fitar da tsari na farko cikin 1989, ta sabunta shi cikin 2007, sannan a watan Disamba na 2022 ta ƙaddamar da wani sabo wanda ya shafi manyan fannoni 17. A wannan sabon tsari hukumar ce ke tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, kowace jami'a kuma ta cike kashi 30 da abin da ya dace da yankinta. Ka ga ashe ba sashen 'yarka kaɗai abin ya shafa ba, kuma ba wani malami ne ya zauna a ofis ya ƙirƙiro don ya sayar da takarda ba. Gaskiya ne ba kowa ya yi na'am ba. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta soki tsarin cikin 2023, tana cewa an shiga hurumin majalisun jami'o'i. Wannan muhawara ce mai amfani, domin gyara a takarda kaɗai ba ya wadatarwa in babu ɗakin gwaji, babu kayan aiki, babu isassun malamai.

A ganina wannan kashi 30 ɗin shi ne inda mu talakawa ya kamata mu sa ido. A nan ne jami'ar da ke ƙasar gero da dawa za ta iya koya wa ɗalibanta amfanin zogale da kuka da daddawa da waken suya, da yadda za a inganta kunun yaye da gyaɗa da wake ba tare da an sayi abin gwangwani ba, da yadda za a yi wa uwa bayani da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci har ta gane. Darasin da Cicely Williams ta bari ke nan: ta tambayi matan gari, ta saurare su.

Saboda haka Alhaji, ga shawarata. Kada ka maido da yarinyar nan gida. Ka sa ta karɓo littafin jagorar ɗalibai na sashensu, wanda ke ɗauke da jerin darussan kowace shekara, yayarta ta zauna da ita su gwada da nata. Za su tarar littattafan tushe, irin su ilimin sinadarai da na yadda jiki ke aiki, har yanzu suna da amfani, ba sai an sake saye ba. Duk kuɗin da aka ce a biya, ka nemi a nuna maka a rubuce, a kuma ba da rasit na makaranta. In wani ya ce sai an sayi takardarsa kafin a ci jarrabawa, wannan ba manhaja ba ce, zalunci ne, kuma akwai shugaban sashe da za a kai wa kuka. Ita ma babbar, ka gaya mata kada ta ɗauka ta gama, ta riƙa leƙa takardun ƙanwarta, don abin da ya same ni kada ya same ta.

Kai kanka Alhaji, irin masarar da kake shukawa yau ba ita mahaifinka ya shuka ba, ba kuma don ka raina shi ba ne, damina ce ta gajarta ka nemi mai saurin nuna. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Buhu huɗun nan da ka sayar, in Allah Ya yarda, wata rana a jikin yaran ƙauyenku za ka ga ribarsu.

Mu kuma sauran jama'a, in ma'aikacin lafiya ya gaya maku abin da ya saɓa da wanda aka gaya maku shekaru goma da suka wuce, kada ku yi saurin cewa ba su san abin da suke yi ba. Ku tambaye shi dalili, haƙƙinku ne ya yi maku bayani.

A nan za mu dakata. Masu tambaya ku ci gaba da aiko da takardunku, a rubuta a fili, tambaya ɗaya a takarda ɗaya. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.